Saura shekara uku in yi ritaya, kuɗin sallamata kuma kowa ya riga ya yanka nasa

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kaduna, shekarata 57, saura shekara uku in ajiye aiki. Na kama aiki tun kafin a kawo sabon tsarin fansho, kuma duk rayuwata a sashen kuɗi da sito na yi ta. Ina da mata biyu da 'ya'ya tara, autan yana aji uku a firamare. Har yanzu a kwatas muke zaune. Ina da gini a Rigasa da ya kai linta ya tsaya shekara da shekaru, ga bashin kofaretib a kaina. Abin da ya hana ni barci shi ne kuɗin sallama. Ni kaina ban san nawa ba ne, amma kowa ya riga ya yanka nasa. Uwargida tana so mu sauke farali, babban ɗana yana jiran jari, 'yan mata biyu sun kai aure. Wani abokina kuma ya ce mu haɗa kuɗi mu buɗe gidan kaji, ko in sayi a-daidaita-sahu uku in raba wa yara suna kawo balas. Ina ganin yadda waɗanda suka riga ni fita suka koma, sai gabana ya riƙa faɗuwa. Ta ina zan fara?

Mai shirin ajiye aiki, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya nuna maka ranar da rai da lafiya.

Duk wasiƙarka ta karkata ne kan kuɗin da ba su zo ba, alhali abin da ya fi su daraja yana hannunka yanzu: albashi talatin da shida da suka rage maka. Su ne kuɗi na ƙarshe a rayuwarka da ka san adadinsu, ka san ranar shigowarsu, kuma idan ka yi kuskure da na wannan watan, na wata mai zuwa zai rufa maka asiri. Bayan ka fita, wannan rangwamen ya ƙare. Saboda haka duk wani gwaji, da gyara, da biyan bashi, da magana mai ɗaci da iyali, a cikin waɗannan watannin ya kamata a yi su.

Ka ce ba ka san nawa ba ne. To daga nan za mu fara, domin abin kunya ne mutumin da ya yi shekara talatin yana ƙirga kuɗin gwamnati ya kasa sanin nasa. A cikin makon nan ka je ofishin kamfanin da ke riƙe da asusunka na fansho, ka je da kanka, zuwa da kai ya fi aike. Ka nemi cikakkiyar takardar asusunka tun daga ranar da aka buɗe shi, ka zauna da jan biro ka bi ta wata-wata. Dokar fansho ta 2004 ta ce a cire kashi 7.5 daga albashinka, mai aikinka ya ƙara 7.5. Da aka sake dokar a 2014 sai ta koma kashi 8 daga gare ka, kashi 10 daga mai aiki. Abin da kake nema a takardar shi ne watannin da aka cire maka a takardar albashi amma ba su shiga asusun ba. Hakan yana faruwa, musamman lokacin da aka yi wa mutum canjin ma'aikata ko aka sauya tsarin biyan albashi. Yau, da kake da tebur da abokan aiki a sashen kuɗi, bin irin wannan aikin 'yan makonni ne. Ranar da ka zama tsohon ma'aikaci mai zuwa da leda cike da takardu, yaron da kai ka koya wa aiki ne zai ce maka oga ya fita, ka dawo jibi.

A zuwan nan dai ka tambaye su ko an sabunta bayananka an haɗa da lambar NIN. Ka kwaso takardar ɗaukarka aiki, da ta tabbatar da kai, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da shaidar haihuwa ko takardar rantsuwar shekaru, da katin ɗan ƙasa, ka baje su a tabarma ka kwatanta. A nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. Takarda ɗaya ta ce Muhammad, wata ta ce Mohammed, wata ta gajarce ta ce Moh'd. A fayil ɗin ofis an haife shi a watan Janairu, a katin ɗan ƙasa kuma a watan Yuli, domin ranar da aka yi rajistar wani yaro ne ya cike masa fom. A wata takardar sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata kuma sunan garinsu. Kwamfuta ba ta san ai mutum ɗaya ne ba. Harafi guda yakan tsayar da kuɗin mutum wata da watanni, kuma gyaransa sai an bi kotu da hukumar katin ɗan ƙasa da ofishinku. Ka gyara yanzu da kake da kuɗin mota.

Tunda ka kama aiki kafin tsakiyar 2004, kuɗinka kashi biyu ne. Akwai wanda ake tarawa a asusunka wata-wata, akwai kuma haƙƙinka na shekarun da ka yi a tsohon tsari, wanda gwamnatin tarayya ce za ta lissafa ta zuba a asusun lokacin fitarka. Don wannan ne hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, take tantance ma'aikatan tarayya a shekarar da ke gaban ta ritayarsu. Kada wannan tantancewar ta wuce ka, ka riƙa tambayar jami'in fansho na ma'aikatarku tun yanzu. Kashi na biyun nan shi ne ya sha jawo jinkiri, har akwai lokutan da mutane suka haura shekara suna jira ba albashi ba fansho. A Fabrairun 2025 gwamnati ta amince da karɓo naira biliyan 758 ta hanyar takardun lamuni don biyan basussukan fansho da suka taru, wanda ya nuna maka girman abin da aka tara. Ana fata an wuce wurin, amma mai iyali goma sha biyu ba ya gina shirinsa a kan fata. Ka ɗauka cewa za ka yi aƙalla wata shida, ko ma shekara, babu ko sisi daga ko'ina. Ka buɗe wani asusu dabam wanda ba shi da kati, ka sa banki ya riƙa tura masa wani abu ranar albashi kafin ka ma ga saƙon. A kakar ƙarshe kafin ka fita, ka sayi masara da gero da wake na cin shekara ka adana da kyau. Na ci nake nufi, ba na jiran tsada ba.

Yanzu ga maganar da iyalinka ba su sani ba, wataƙila kai ma ba ka gama fahimta ba. Dunƙulen da kamfanin fansho zai ba ka, wanda ake kira kuɗin sallama, ba kyauta ba ce da gwamnati za ta ɗora maka a kan fansho. Daga rumbunka ake ɗebo maka. Duk kwanon da ka ɗiba yau, ya ragu daga abin da gidan zai ci har ƙarshe. Kamfanin zai duba jimillar asusunka, da shekarunka, da albashinka na ƙarshe, ya ware abin da zai isa a riƙa biyanka wata-wata, sannan a ba ka wani kaso a dunƙule. Mutane da yawa abin da suke samu bai wuce kashi 25 cikin ɗari ba. (Idan ma'aikatarku tana biyan giratuti dabam, ka nemi a nuna maka a rubuce, kada ka dogara da hirar masallaci.)

Bari in yi maka lissafin misali, ba lissafin hukuma ba. A ce komai da komai ya kama naira miliyan 12. Kashi ɗaya cikin huɗu miliyan 3 ke nan, saura miliyan 9. Idan ka raba miliyan 9 a kan shekara 18, kowane wata zai tashi a kusan naira dubu 42, sai ɗan abin da ribar juyawa za ta ƙara. Ka sa naka adadin a wurin, ka ga abin da zai ba ka. Sannan ka tuna kujerar Makka ɗaya a 2025 ta haura naira miliyan 8. Ka ga ke nan kuɗin da mutum biyar suke rabawa a zuciyarsu, ko buƙatar mutum ɗaya ba lallai su biya ba.

Ranar fita za a ajiye maka zaɓi biyu, kuma za ka ga masu tallar kowanne sun yi maka caa, har da masu kira da daddare. Na farko, kuɗin su zauna a kamfanin fansho yana juya su yana biyanka wata-wata. Idan ka rasu, abin da ya rage na magada ne, kuma idan riba ta taru akan ɗan ƙara abin da ake biya, kamar yadda aka fara yi a 2017. Matsalarsa, idan Allah ya ja kwana sosai asusun zai iya yin ƙasa. Na biyu, ka miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya ɗauki alkawarin biyanka har iyakar rayuwarka. Amma lamunin magada na shekara goma ne kawai: idan ka rasu a cikinsu za a ba su ragowar na shekara goman, idan ka wuce su babu abin da za su gada daga nan. Abin da masu talla ba sa son faɗa shi ne, daga na farko kana iya komawa na biyu, amma daga na biyu babu dawowa. Ga mai yaro a aji uku na firamare, ni na fi karkata ga na farko, ko ba komai ƙofa tana nan a buɗe. Kada ka sa hannu a ranar da aka miƙo maka takarda. Ka kai ta gida ta kwana.

Idan kuɗin ruwa yana damunka, tun 2021 akwai wani rukunin asusun fansho da ake kira asusu na shida, wanda ake juya shi ba tare da riba ta ruwa ba, na masu aiki da na waɗanda suka yi ritaya. Ka tambaya a mayar da kai can. Idan kuma kamfaninka yana yi maka wasa, tun Nuwamban 2020 aka buɗe damar da doka ta ba ka ta sauya kamfani sau ɗaya a shekara.

Sai gini. A wurina wannan shi ne gaba da komai bayan takardu, domin kwatas na gwamnati ne, kuma ba a daɗe da fitarka ba za a turo wanda zai gaje ka ya fara leƙen tagogi. Tsohon ma'aikaci mai gidan kansa da wanda yake haya, ko fanshonsu ɗaya ne, ba rayuwa ɗaya suke yi ba. Ka manta da zanen da ka yi lokacin da buhun siminti yake da araha. Ka kira magini mai tsoron Allah ku zaga, ku zaɓi ɗakunan da dole sai da su: ɗakin kowace mata, na samari, na 'yan mata, banɗaki, kicin, rijiya ko hanyar ruwa, da ƙofar gida. A rufa waɗannan, a sa ƙofofi da tagogi, a yi daɓe. Filasta ta waje, da tayil, da silin mai ado, da falon baƙi, duk su jira. Ka riƙa sayen kwano da katako kaɗan-kaɗan daga albashi, kuma idan da hali ku tare tun kana aiki, don ka ga abin da zaman can yake ci na mota da makarantar yara tun kana da abin gyarawa. Idan akwai fuskar titi, shago ɗaya ko biyu a jikin katanga sun fi falo amfani nesa ba kusa ba. Akwai kuma kuɗin asusun gidaje na ƙasa, kashi 2.5 da ake cire maka kowane wata. Wanda bai ci bashinsu ba yana da haƙƙin a mayar masa da abin da ya tara idan ya yi ritaya, ta hannun bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya. Ba su da yawa, amma naka ne, kuma mutane da dama suna mantawa da su.

Bashin kofaretib ka tsara shi ya ƙare kafin albashin ƙarshe, kuma daga yau kada ka ƙara cin wani sai na rufin gida.

Mu zo kan abokinka da kajinsa. Ban ce ba a samun kuɗi a kiwon kaji ba, ana samu. Amma masu samun sun san abin da kai ba ka sani ba tukuna. Sun san abinci shi ne yake cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da ake kashewa, kuma farashinsa yana bin na masara da waken suya. Sun san kajin ƙwai sai sun yi kusan wata biyar suna ci ba su ba ka ko ɗaya ba. Sun san zafin watan Afrilu, sun san dare ɗaya cuta za ta iya shiga ka wayi gari kana kwashe gawa da baro. Kai da kake Kaduna ba sai an tuna maka ba, murar tsuntsaye a 2006 a wata gona da ke Jaji aka fara gano ta a ƙasar nan. Idan da gaske ranka yana so, ka sayi 'yan tsaki hamsin na nama a bana, ka kiwata su a bayan gida da hannunka, ka rubuta kowace naira kamar yadda kake yi a ofis, har ka sayar. Ka maimaita sau uku, ɗaya a cikin zafi. Littafin nan zai faɗa maka gaskiyar da abokinka ba zai iya faɗa ba, ba don yana son cutarka ba, don shi ma bai sani ba. Idan kuma za ku yi haɗin gwiwa, a rubuta da shaidu.

A-daidaita-sahu kuwa, watan farko balas yana zuwa cif. Wata na uku sai ka fara jin yau an kama ni, yau taya ta fashe, yau ba kasuwa. Kafin shekara ta zagayo inji ya nemi a sauke shi, kuma kuɗin gyara daga aljihunka. Masu cin ribar abin su ne waɗanda suka san bakanike, suka san inda yaro yake kwana, suke iya fita da asuba su duba mai. Idan babban ɗanka zai riƙe guda ɗaya da kansa, wannan wata magana ce, kuma ta amsa maganar jarinsa. Uku a hannun yaran da ba ka haifa ba, a'a.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba ka ambaci sana'ar da ka iya ba. Shekara talatin kana riƙe da littafin kuɗi da na sito. Kaduna cike take da makarantun kuɗi, da shagunan magani, da masu sayar da siminti da kayan gini, da gidajen burodi, waɗanda kuɗinsu ke zurarewa saboda babu mai rubuta shige da fice. Wannan aikin ba ya neman jari sai biro da amana. Ka fara lura da su tun yanzu, ka san masu su, ka duba abin da ƙa'idar aiki ta yarda maka kafin ka fita, don ranar da ka ajiye aiki ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Ko biyu suka ɗauke ka, ka sami abin cefane, ka kuma sami dalilin sa hula ka fita da safe, wanda shi kansa magani ne. Zaman majalisa daga hantsi zuwa la'asar yana tsufar da mutum da wuri.

Abin da ya rage na dunƙulen bayan gida, kada ka bar shi kwance a asusun ajiya. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga, kai ma ka ga abin da cire tallafin mai a 2023 ya yi wa albashinka. Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun lamuni marasa kuɗin ruwa, wanda aka fara fitarwa a 2017 kuma kake ganin allunansa a gefen manyan tituna, ana shiga da naira dubu goma, ana biyan kuɗin haya duk wata shida. Ba zai mayar da kai attajiri ba, amma ba zai gudu da dare ba. Duk wanda ya zo maka da harkar da za ta ninka kuɗi a wata ɗaya ko biyu, ko a sahun gaba yake salla, ka tuna da MMM a 2016 da CBEX a 2025, harkokin da suka rushe da kuɗin mutane. Irin waɗannan mutanen sun san ranar da ake biyan 'yan fansho fiye da 'yan fanshon kansu.

Kada ka manta da asibiti. Inshorar lafiyar da kake amfani da ita yanzu ta aiki ce, kuma ga mafi yawan ma'aikata takan tsaya da tsayawar albashi. Ka tambayi ofishin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, yadda ake shiga tsarinsu na masu biya da kansu, ko hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Kafin nan, ka yi amfani da wadda kake da ita: a auna maka jini da suga da ido, kai da matanka. Maganin hawan jini na wata-wata ya kamata ya shiga lissafinka kamar kuɗin wuta.

Maganar uwargida da Makka, niyya ce mai kyau, Allah ya cika mata. Amma aikin Hajji Allah ya wajabta shi ne a kan wanda ya sami iko, kuma ka tambayi malamin da ka yarda da shi ko mai bashi a wuya da iyali babu muhalli ya shiga cikin masu ikon. Hukumar alhazai ta ƙasa tana da tsarin adashin gata, inda mutum yake tarawa a hankali har kuɗin kujera su cika. Ka buɗe mata, ko da ɗan kaɗan ne duk wata, 'ya'yanta masu aiki su riƙa sa hannu. Ta ga an fara, ya fi alkawarin baki. Kayan ɗakin 'yan mata kuma a yi daidai ƙarfi, a fara tara kwanuka da zannuwa tun yanzu kamar yadda iyayenmu mata suka saba, kada a jira a yi shi rana ɗaya da kuɗin fansho. Ban ce kana da niyyar ƙara aure ba, amma tunda na ga abin da dunƙulen kuɗi yake sa wa maza a rai, na dai ambata.

Duk wannan ba zai yiwu ba idan kai kaɗai ka san lissafin. Mu maza muna ɓoye albashi, sai iyali su riƙa ƙiyasta mana ninkin abin da muke da shi, kuma a kan wannan ƙiyasin suke yanka nasu. Da zarar ka karɓo takardar asusunka, ka tara matanka biyu da manyan 'ya'yanka a zama ɗaya, kada ka bi su ɗaki-ɗaki don kada a ce an faɗa wa wata abin da ba a faɗa wa wata ba. Ka ajiye takardar a gabansu. Ka ce ga abin da ake sa rai a dunƙule, ga abin da zai riƙa shigowa duk wata, ga kuɗin makarantar ƙanana har su gama, ga rufin gida. Ka bar babban ɗanka ya yi lissafin da kansa a wayarsa. Za a yi shiru, wataƙila a yi fushi na 'yan kwanaki. A zaman nan kuma ka nuna musu inda takardun gida da na fansho suke, ka rubuta bashin da ake binka da wanda kake bi, ka duba sunan wanda ka rubuta a matsayin makusancinka a kamfanin fansho. Da yawa sun rubuta mahaifinsu tun suna samari, ga shi ya rasu shekara ashirin ba a canza ba.

Allah ya sa ka gama lafiya, ya sa albarka a abin da za a samu.